Babi na Biyar: Ɗokin Ganin Gwani

Kusan duk wanda ya kafa rumfa a kasuwar Gombe, tun daga mai awon masara da wake a Tudun Hatsi har zuwa mai sarin atamfa da shadda a babbar kasuwa, yana ɗauke da wani mutum a zuciyarsa wanda yake auna kansa da shi, ko da kuwa bai taɓa faɗa wa kowa ba. Wannan mutumin shi ake kira gwani. Asalin kalmar na nufin wanda ya ƙware a wani fanni har ya zarce sa'o'insa, kuma a tsarin karatun tsangaya matsayi ne da ke sama da na alaramma, wanda ake bai wa mahaddacin da ya san Alƙur'ani ciki da bai, abin da Barebari ke kira goni. Amma a bakin 'yan kasuwa ma'anarta ta faɗaɗa, ta yadda idan saurayi ya ce wane gwaninsa ne, yana nufin ya zaɓe shi daga cikin mutane ya mai da shi madubin sana'arsa. Gwani daban, ubangida daban. Ubangida shi ne wanda yaro ke zaune a shagonsa, yake ci daga hannunsa, yake kuma sa ran wata rana zai sallame shi, wato ya yanka masa jari ya buɗe masa nasa wurin. Ya san sunan yaron, ya san mahaifinsa, ya san ranar da ya makara. Gwani kuwa sau da yawa bai ma san an haifi mai ƙaunarsa ba. Tazarar da ke tsakanin mai kallo daga nesa da wanda ake kallo, da wahalar da ɗan kasuwa ke sha don ya cike ta ko da na minti biyar ne, ita ce abin da wannan babi zai duba.

Akwai dalilin da ya sa al'amarin ya yi ƙarfi a Gombe. Garin, idan aka jera shi da Kano ko Katsina, yaro ne: masarautar ta fara ne a Gombe Abba da ke bakin kogin Gongola, Turawan mulkin mallaka suka mai da hedikwatarta Nafada a 1913, sannan aka kai ta Doma, inda birnin yake a yau, a 1919. Noma da ciniki ne suka cika shi da jama'a, musamman auduga, wadda ta bunƙasa a shekarun 1950 har sunan kamfanin Ingila mai gurzar ta, BCGA, ya zama sunan unguwa, sai kuma layin dogo da ya iso a 1963 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Mary Tiffen, wadda ta yi nazarin tattalin arzikin masarautar daga 1900 zuwa 1968, ta gina littafinta na 1976 ne a kan himmar ƙaramin manomin wannan ƙasa. Da aka ƙirƙiri jihar ranar 1 ga Oktoba 1996, hanyoyin da suka taso daga Bauchi da Yola da Biu da Potiskum da Dukku, waɗanda dama a nan suke haɗuwa, suka ƙara kwararo da mutane. Shi ya sa yawancin manyan gidajen kasuwancin garin ba su wuce kaka da jika ba, kuma har yanzu akwai dattawan da za su iya nuna wa yaro inda wane ya fara shimfiɗa buhu yana sayar da gishiri kafin ya mallaki tireloli. Arzikin da aka ga tasowarsa da ido ya fi sa wa matashi rai a kan wanda aka tarar tun kaka da kakanni. Sai dai tsofaffin sunaye, waɗanda ake ambata da sassauta murya, a Kano suke, inda ɗan Gombe ke zuwa sari a Kantin Kwari da Singa, yake kuma kai hatsi Dawanau, don haka idonsa a rabe yake, ɗaya a layin da ke kusa da shi, ɗaya a birnin Dabo.

Tafiya don ganin wanda ake koyi da shi ta girmi kasuwar, ita ce ma ta haifi masarautar. Modibbo Buba Yero, wanda ya kafa Gombe ya kuma rasu a 1841, ya bar ƙasar Gongola ya tafi har ƙasar Gobir ya yi almajirci wajen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tafiyar da a wancan zamani take cin makonni, kuma daga wajensa ya karɓi tutar jihadi. Shi kansa Shehun ya yi irin wannan: ya lazimci malaminsa Usmanu Binduri kimanin shekara biyu yana kwaikwayon halayensa, ya kuma bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, bai rabu da shi ba sai da malamin ya wuce aikin Hajji, shi kuma ya juyo gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. Matan karkara da ake kira 'yan taru sun riƙa takowa a ƙungiya, ƙarƙashin jagorar da ake kira jaji, don su isa gaban Nana Asma'u. Tushen duk wannan yana cikin al'adar malaman Musulunci ta rihla, wato barin gida don ɗaukar ilimi daga bakin mai shi, kuma labarin da ya fi haskaka batun shi ne na Imamu Shafi'i, wanda ya haddace Muwaɗɗa tun yana Makka, sannan ya nemi takardar gabatarwa daga gwamnan Makka zuwa ga na Madina don a shigar da shi wajen Imamu Malik. Wanda ya riga ya haddace littafi ba ya buƙatar mai littafin don ya ji abin da ke ciki. Abin da ya kai shi Madina shi ne ya ga yadda malamin yake zama, yadda yake amsa tambaya, yadda yake cewa bai sani ba idan bai sani ba. Kuma ɗan kasuwar da ya san tarihin gwaninsa kamar yunwar cikinsa, amma duk da haka yake neman ya tsuguna gabansa, buƙatarsa ke nan.

A kasuwa, ta kunne ƙaunar gwani take fara shiga. Bayan azahar, lokacin da ciniki ya lafa, 'yan dako suka kishingiɗa a kan baro, masu shago kan taru a inuwar rumfa ɗaya, kuma a irin wannan hira ne yaron shago, wanda ba a sa da shi ba amma kunnensa ke buɗe, yake jin sunan Alhassan Ɗantata karo na farko. Yana jin cewa an haife shi a Bebeji a 1877 cikin Agalawa, wato zuriyar fataken da suka shahara da safarar goro daga Gwanja; cewa ya rasa mahaifinsa yana ƙarami; cewa yana cikin na farko da suka riƙa ɗauko goro ta teku daga Ankara ta ƙasar Gana zuwa Ikko; cewa ya shiga sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya isa Kano; cewa a 1929 raƙuma 20 ne suka ɗauko masa kuɗin azurfa zuwa bankin Turawa; cewa ya rasu a 1955. Daga nan hirar kan gangaro zuwa 'ya'yansa Sanusi da Aminu, zuwa Isiyaka Rabi'u da ɗansa Abdussamad mai kamfanin BUA, zuwa Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhassan ta wajen uwa, wanda ya fara a 1977 da jarin da ya samu daga dangin mahaifiyarsa, yau kuma sunansa ke jikin buhun siminti da na sukari da na gishiri da yaron ke saukewa daga mota a kafaɗarsa. Masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, sun bayyana a 1956 yadda mai sauraron rediyo da mai kallon talabijin ke ƙulla zumunta ta gefe ɗaya da mutumin da bai san da zamansa ba. Kasuwa ta san wannan zumunta tun kafin a ƙera rediyo, sai dai tata tana da aiki a ciki, domin ɗan kasuwa kan ɗauki abin da ya ji game da gwaninsa ya gwada shi a shagonsa washegari, ya canza lokacin buɗewa, ko ya fara rubuta bashi a littafi, ko ya rage ribar da yake ɗorawa don kaya su yi saurin fita.

Daga wannan doguwar ƙauna ɗoki ke tsirowa. Hausa ta bambanta ɗoki da zumuɗi da kwaɗayi, kuma bambancin yana da amfani a nan: ɗoki shi ne ƙagara da zuwan abin da ake so, irin wanda ke hana yaro barci daren sallah, zumuɗi shi ne ɗokin da ya fi ƙarfin mai shi har ya jefa shi cikin gaggawa da rawar kai, kwaɗayi kuwa son abin hannun wani ne. Babbar fargabar mai neman ganin gwaninsa ita ce kada a ɗauki ɗokinsa a matsayin kwaɗayi. Ƙofar attajiri a ƙasar Hausa ba ta rabuwa da jama'a, daga mai takardar asibiti da mai neman kuɗin makaranta da wanda gobara ta cinye wa shago har zuwa maroƙi da ɗan maula, kuma babu abin zargi a cikin haka, tun da addini da al'ada duk sun yarda cewa akwai haƙƙin mabuƙaci a cikin dukiya. Amma wanda ya zo don ya gani ya koya ba shi da kalmar da za ta ware shi daga sauran, domin idan ya ce gaisuwa kawai ya zo yi, ya faɗi abin da kowa a wurin ya faɗa.

Abin da al'ada ta tanada don wannan matsala shi ne iso, wato neman izinin shiga ta bakin wanda mai gida ya sani. A fada akwai waɗanda aikinsu ke nan. A gidan attajiri kuwa babu sarauta, amma aikin yana hannun yaran gida da direba da limamin masallacin ƙofar gida da tsohon abokin da ba a yi masa shamaki. Sarƙar takan yi tsawo. Yaron shago a Gombe ya gaya wa ubangidansa, ubangidan ya tuna da dilan da yake ɗaukar kaya a wajensa a Singa, dilan yana da surukin da ke sallar asuba a masallacin da Alhaji ke halarta, surukin kuma ya san wanda ke tsara masu shiga. Kowane ɗaya a cikinsu, idan ya ce yaronmu ne, ya ba da aron sunansa. Abner Cohen, a nazarinsa kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan da aka buga a 1969, ya nuna cewa cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu ya tsaya ne a kan bashin da ba a rubuta ba, wanda maigida, wato mai masaukin fatake, ke tsaya wa da mutuncinsa. Da irin wannan kuɗi ake biyan iso. Babu dilan da zai kai mutumin da ya taɓa cinye kuɗin wani gaban babban mutum, don haka neman iso, wanda kan ɗauki watanni ko shekaru, jarrabawa ce a kan sunan mai nema, kuma sau da yawa masu kukan cewa manya ba sa ganuwa ba su lura cewa ana auna su tun daga matakin farko ba. Duk da haka wajibi ne a faɗi gaskiya: sarƙar ta fi yi wa mai dangi sauƙi. Maraya, da baƙon da ya zo cirani, da matan da ke juya dukiya daga cikin gida ta hanyar adashi da wayar salula, suna da gwanayensu kamar kowa, amma hannuwan da za su miƙa su ƙalilan ne, kuma wannan rashi ne ga kasuwar baki ɗaya.

Ranar da aka ce masa ya zo, ɗan kasuwa kan shiga wani hali da matarsa da maƙwabtansa na layi ke ganewa ba tare da an gaya musu ba. Ya kai shaddarsa wajen masu bugu, ya wanke hula ya ɗora ta a kan gwangwani ta bushe a tsaye, ya sayi turare, sannan ya zauna da tambayar da ta fi kowacce wuya, wato tsarabar da zai kai wa mutumin da ba ya rasa komai. Amsar da aka saba ita ce abin ƙasarsu ko abin rumfarsa, galan na zuma, ko man shanu, ko tsintaccen farin wake, kuma darajarta ba a farashinta take ba, tana cikin saƙon da take isarwa, cewa hannun da ya fara miƙawa bai zo roƙo ba. Ya bar shago a hannun ƙaninsa, ya kama motar asuba ta Dukku da Darazo zuwa Birnin Kudu da Wudil, yana bitar maganar da zai yi tun daga fitar gari har ya hango Kano. Daga nan sai jira. Zauren attajiri, ko falon baƙi a gidajen yanzu, yana da kamanninsa: takalma jere a bakin ƙofa, darduma, agogon bango da kowa ke satar kallo, mutane ashirin da ba su san juna ba suna gaisawa ƙasa-ƙasa, kuma duk lokacin da ƙofar ciki ta motsa sai kowa ya gyara zama ya gyara hula. Ana iya yin azahar da la'asar a wurin, a ƙarshe wani ya fito ya ce Alhaji ya shiga ciki sai gobe, ko ya yi tafiyar gaggawa, baƙon ya ɗauki galan ɗinsa ya nemi wajen kwana.

Ganawar kanta gajeriya ce. Ya durƙusa, ba ya miƙa hannu sai an miƙo masa, in an miƙo kuwa ya riƙe da hannu biyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma." A ce masa, "Yawwa samari, daga ina?" Ya ce daga Gombe. A tambaye shi a wajen wa yake, me yake sayarwa, yaya kasuwa, kuma a daidai nan ne tambayoyin da ya kwana yana shiryawa suke watsewa, bakinsa ya bushe, ya iske kansa yana ta maimaita godiya. Nasihar da zai samu ba sabuwa ba ce: ya riƙe amana, kada ya taɓa uwar kuɗi, wato ainihin jarin da riba ke fitowa daga gare shi, kada ya karɓi kayan da suka fi ƙarfinsa, ya biya bashi kafin a tambaye shi, ya kula da iyayensa. Mahaifiyarsa ta sha gaya masa haka, ubangidansa ma haka. Abin da ya ba ta nauyi a wannan karo shi ne bakin da ta fito, bakin mutumin da aka gwada da dukiyar da za ta iya sauya halin kowa. Kuma ido yana ɗaukar abin da kunne bai ji ba: yadda mai gidan ya saurari tsohon da ke gabansa har ya kai aya, yadda ya tambayi farashin buhun wake a Gombe cikin sigar wanda ya riga ya san amsar, yadda ya tashi da jin kiran salla ana tsakiyar magana. Waɗannan ne baƙon zai riƙa tunawa bayan shekara ashirin.

Sai kuma maganar kuɗin mota. Idan zai tashi akan miƙo masa wani abu, kuma a nan yake shiga tsaka mai wuya, domin karɓa na iya mai da shi cikin sahun da ya yi ta ƙoƙarin fita, mai da hannun babba baya kuwa rashin ladabi ne. Yawanci karɓa ake yi, amma akan samu wanda ba zai kashe kuɗin a hanya ba, sai ya dawo ya zuba su cikin jarinsa don neman albarka. Kalmar albarka tana da fuska biyu a kasuwa, domin ita mai kaya ke faɗa idan tayin da aka yi masa bai kai ba, ita ce kuma sunan ƙarin da Allah ke sa wa kaɗan ya wadatar. Ɗan kasuwar da ya cuɗa kyautar gwaninsa da jarinsa ta biyun yake nema.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan ba. Warren Buffett, ɗaya daga cikin manyan attajiran Amurka, ya karanta littafin Benjamin Graham kan zuba jari yana ɗan shekara 19, ya shiga Jami'ar Kolombiya a 1950 don ya zauna a ajinsa, kuma a farkon 1951, wata ranar Asabar, ya hau jirgin ƙasa zuwa Washinton ya yi ta buga ƙofar kamfanin inshorar GEICO, wanda Graham ke shugabantar hukumarsa, har mai kula da ginin ya buɗe masa ya haɗa shi da wani jami'i, Lorimer Davidson, wanda ya ba shi kusan sa'a huɗu yana yi masa bayani. Da ya gama karatu ya nemi ya yi wa Graham aiki ba albashi, aka ƙi, sai a 1954 aka ɗauke shi. Ɗan kasuwar Gombe zai gane kowane mataki na wannan labari, har da mai buɗe ƙofa. Daga baya Buffett ɗin ya zama gwanin wasu, har aka riƙa yin gwanjon damar cin abincin rana da shi don tallafa wa mabuƙata, kuma na ƙarshe, a 2022, ya kai dala miliyan 19.

Ƙofofin da ake nema sun ƙara nauyi a 'yan shekarun nan, kuma mutanen Gombe sun san dalili. Ranar 30 ga Mayu 2014 aka kashe Sarkin Gwoza Idrisa Timta a hanyarsa ta zuwa jana'izar Sarkin Gombe Shehu Abubakar, ranar 16 ga Yuli 2015 kuma, jajibirin ƙaramar sallah, bama-bamai suka tashi a babbar kasuwar Gombe suka hallaka kusan mutum 50 cikin masu sayayya da masu sayarwa. Bayan irin waɗannan, da yawaitar satar mutane, ba za a zargi babban mutum don ya sa masu gadi da na'urar bincike ba. Girman harkokin ma ya kawo nasa sauyi, domin hedikwatar manyan kamfanonin 'yan arewa a Ikko take, inda teburin sakatare ya maye gurbin zaure, takardar neman ganawa ta maye gurbin bakin liman. Wuraren da suka rage su ne ɗaurin aure da jana'iza da sallar Juma'a da filin jirgi da bikin baje koli da Harami lokacin Umra, kuma a dukansu abin da ake iya samu shi ne hoto. Bai kamata a raina hoton ba, domin wanda ya liƙa shi a bangon shagonsa ko a Facebook yana bayyana ƙauna ce ta gaske. Illarsa ita ce yana nuna kusanci ba tare da kowa ya tsaya wa mutum ba, abin da 'yan damfara suka daɗe da ganewa, sannan daƙiƙa biyun da aka samu a waya ido yake ƙarewa, ba a fuskar wanda aka zo gani ba.

A nan ne ya kamata a yi tambaya kan wane gwani ya fi amfanar mai shi. Penelope Lockwood da Ziva Kunda, masu nazarin halayyar ɗan Adam a Kanada, sun nuna a 1997 cewa labarin fitaccen ɗalibi yana zaburar da 'yan ajin farko na jami'a, waɗanda ke ganin suna da lokacin kamo shi, amma yana kashe wa 'yan ajin ƙarshe jiki, waɗanda ke ganin lokacin ya wuce. Mai awon wake ba shi da hanyar kwaikwayon Ɗangote, mai matatar man da aka ƙaddamar a Lekki a 2023, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana; abin da zai iya samu daga gare shi shi ne faɗin tunani, sanin cewa Bahaushe na iya kai wa can. Amma dattijon da ke layi na uku, wanda ya shekara arba'in bai taɓa karyewa ba, wato jarinsa bai taɓa rushewa ba, bai kuma taɓa ɓuya wa mai binsa bashi ba, ana iya zama kusa da shi kowace rana, a ga yadda yake sayen hatsi da kaka ya adana, yadda yake gane buhun da aka yi wa algus, yadda yake sallamar abokin cinikin da ya fusata. Da na gaba ake gane zurfin ruwa, amma sai na gaban da ake hangowa. Abin takaici ne yadda matasa da yawa ke kashe kuɗin mota da kwanaki wajen neman na nesa, alhali ba su taɓa zama sa'a ɗaya a rumfar irin wannan dattijo ba, har ya rasu da iliminsa.

Ba kowace ganawa ke ƙarewa da farin ciki ba. Wani kan tarar da tsoho gajiyayye wanda ya ga mutum ɗari kafin shi, ya samu amsa a gajarce, ya dawo jiki a sanyaye. Wani ɓangare na laifin yana kan hirar rumfa, wadda ke tace labari ta zubar da asara da faɗuwa, ta manta da jarin dangi da lasisin shigo da kaya da sanayya da hukuma, ta bar raƙuma da tireloli kawai, har mai sauraro ya zaci haƙuri da sammako ne kaɗai suka tara dukiyar. Wani ɓangaren kuma yana kan manyan da suka manta nauyin matsayinsu. Minti biyar da attajiri ba zai tuna da su da daddare ba, su ne baƙonsa zai ba jikokinsa labari, kuma waɗanda suka fahimci haka, suka bar zaurensu a buɗe, suka tambayi yaro sunansa suka kira shi da shi, sun yi wa kasuwancin arewa hidimar da ba a rubuta ta a littafin kowane kamfani ba.

Wanda ya dace kuwa, yakan dawo Gombe ya tarar da layinsu na jiransa. A ce, "Ka gan shi? Ido da ido?" Ya ce wallahi har ya riƙe hannunsa. A sa shi ya maimaita abin da aka ce masa kalma bayan kalma, a yi gardama kan ma'anarta, wani dattijo ya ce ai haka mahaifinsa ma yake, labarin ya shiga cikin taskar hirar bayan azahar, inda wani yaron shago ke gefe yana ɗaure leda. Akwai kuma waɗanda suka yi ta ɗage tafiyar, bana saboda kasuwa ba ta yi kyau ba, baɗi saboda aure, wata shekara saboda mai yin ison ya rasu. Ranar 28 ga Yuni 2025 Alhaji Aminu Ɗantata ya rasu a Abu Dabi yana da shekara 94, aka yi masa sallar ga'ib a Kano, aka kuma binne shi a maƙabartar Baƙi'a ta Madina, don haka ko makararsa mafi yawan masu ƙaunarsa ba su samu rakawa ba. Abin da ya rage musu shi ne zaman ta'aziyya a unguwar Ƙoƙi, wanda bisa al'ada ba a yi masa iso, ba a kuma tambayar mai shiga a wajen wa yake. Ko daga Gombe ya taso ko daga Maraɗi, ya tuɓe takalmi, ya samu wuri a kan tabarma, ya ɗaga hannu a yi addu'a tare da shi.